Sabo Mai Wanki da Gorarsa ta Bakin Jakara

Kafin rana ta haska kan Dala, Malam Sabo mai wanki ya riga ya sauke ƙullin kayansa a bakin Jakara. Amma ko hula ba ya tsomawa sai ya duba gorar da ya kafa cikin ruwa, mai tsaga uku. Shekara talatin ke nan yana haka, ba wanda ya sa shi.

Jakara kowa ya san ta. Cikin birni ta taso, ta bi gefen Kasuwar Kurmi, ta fice bayan ganuwa. Tsofaffi sun ce da can duhun kurmi ne wurin. Da rani akuya ma tsallake ta take yi, shi ya sa muka raina ta. Da damina samari su cika ta da iyo, su ɗaga kai, in ba hadari su ce lafiya lau. Shi Sabo ƙasa yake dubawa, don ruwan da aka yi can saman gari ta nan yake biyowa, ko da nan ana ƙwalla rana.

Daminar 1952, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ga ruwa ya yi ja, ya shanye tsaga ta biyu.

Ya ce wa masu iyo, "Ku fito, ruwa na tafe."

Kowa ya fito, sai Nasir na unguwar Zaitawa, angon mako biyu. Ya ce, "Haba Baba, ko gajimare fa babu."

Bai rufe baki ba ruwa ya kwashe shi. Sabo ba shi da igiya. Ya warware rawanin wani attajiri da aka ba shi wanki, ya shiga ruwa iya ƙirji, ya wurga masa, ya jawo shi. Rawani ya yage, mai rawani ya ɗauke wankinsa ya kai wani wuri. Sabo bai taɓa ta da maganar ba, a bakin waɗanda suka gani na ji.

Malam Sabo, kai ne idon Jakara. Bana gwiwa ta ƙi, ka ce ka ajiye aiki, kuma wallahi raina ya sosu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a a bakin ruwa, ku yi koyi da shi, kafa gora ba ya bukatar rawanin sarauta.

Gorar Malam Sabo tana nan. Jiya da safe na ga Nasir tsugune gabanta, ya saɓa 'yarsa Husaina a kafaɗa, yana nuna mata tsaga ta biyu.