Gam da Makullin Baba

Tun ban san kaina ba Baba yake shimfiɗa tayil. Daga unguwar Aboabo har ta Moshi Zango Masta ake ce masa, kuma kowa ya san tsohon makullin da ke aljihunsa, wanda ƙofarsa ma babu ita yanzu. In aiki ya bushe, sai ya durƙusa ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da shi. Wanda ya kama, amonsa gajere ne, tim. Wanda bai kama ba sai ya ce ƙwal, kamar ka bugi ƙwarya a kife. A kan wannan amon muka tashi. Ko yau in na shiga gidan mutane sai in kama kaina ina buga ƙasa da zobe.

A shekarar da nake ba da labari, kunnensa ya riga ya yi nauyi. Kowa a gida ya sani, ban da shi. Cewa yake mutanen zamani ne suka koma magana ciki-ciki.

Masallacin unguwarmu ya tashi gyara barandarsa kafin azumi. Wasu a kwamiti sun so a ba matasa aikin, suna cewa tsoho ya gaji. Liman ne ya tsaya kai da fata aka ba Baba. Mun san abin da ke ciki. In aikin ya yi kyau, Masta yana nan da sunansa. In ya ɓaci, a gaban dukan unguwa zai ɓaci, sau biyar a rana, kuma ba wanda zai sake kiransa.

Ni na raka shi shagunan Alabar ɗauko kaya, don ni ce nake maimaita masa magana da ƙarfi. Tayil ɗin sabon samfuri ne, mai sulɓi da nauyi. Mai shagon, wani Ba'asante mai fara'a, ya haɗa mana da buhunan gam ya ce wannan tayil ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya riƙe shi, sai da gam. Na faɗa wa Baba. Ai kuwa kalmar nan ce ta ɓata komai. A wurin Baba, gam kayan mai gyaran takalmi ne da 'yan makaranta masu liƙa takarda. Ya ce shi magini ne, ba zai liƙa ɗakin Allah kamar silifa ba. Ko buɗe buhun bai yi ba, ya sa aka jingine su a bayan masallaci.

Ya yi yadda ya saba. Ya jiƙa tayil a baho ya kwana, don ya sha ruwa ya kama siminti. Ya kwaɓa, ya ja zare, ya shimfiɗa. Layi kuwa ya miƙe sak, abin sha'awa. Hannun Baba bai tsufa ba, wannan kam na rantse.

Bayan 'yan kwanaki na bar shagona na kai masa waace, wato shinkafa da wake, da hantsi, na same shi durƙushe da makulli. Dattawa uku suna zaune a benci suna jan carbi. Ya buga na farko: ƙwal. Ya gyaɗa kai ya matsa gaba. Na biyu, ƙwal. Na uku ma haka. Shi kuwa murmushi yake yi. Na dubi dattawan nan, kowa ya sunkuyar da kai ga carbinsa. Sun ji sarai, kunya ce ta ɗaure musu baki. Raina ya ɓaci da su ƙwarai, don na san kunyar nan ba za ta hana su faɗa a bayan idonsa ba ranar da tayil ya ɓalle ƙarƙashin ƙafar wani.

Ni bakina ba ya riƙe magana, kowa ya san ni da wannan. Amma ranar na rasa yadda zan yi. Mai nauyin kunne ba a yi masa raɗa. In na faɗa masa a nan, sai na ɗaga murya, har masu koko a bakin titi su ji. In na bari sai gida, gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha wani abu, tsakar gida ɗaya. Duk inda na juya, tona masa asiri zan yi da bakina. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika.

Na jira dattawan suka tashi alwala. Na cire takalmi na durƙusa kusa da shi, na karɓi makullin. Na kama hannunsa, wannan tafin mai kaushi da siminti ya cinye, na ɗora a kan tsohon daɓen ƙofar masallaci wanda shi ya yi tun ina goye, na buga. Sannan na mai da tafin kan sabon tayil, na sake bugawa. Na ga yatsunsa sun motsa, don tayil ɗin rawa yake yi a ƙarƙashinsu. Ya matsar da hannun zuwa na gaba da kansa, ya yi mini alama in buga. Muka yi biyar a haka.

Ya ɗago ya dube ni. Da ya yi magana, a hankali ya yi, shi da ya saba ɗaga murya.

"Uwata, tun yaushe kunnen nan yake yi mini ƙarya?"

Na ɗaga masa yatsu biyu. Shekara biyu.

Kafin azahar ya sa cokalin gini a gefen tayil ɗin farko, tayil ɗin ya taso salin-alin, bayansa fes kamar bai taɓa ganin siminti ba. Da kansa ya je wurin liman ya ce aikin bai yi ba, zai sake. Sannan ya buɗe buhun gam ɗin. Ya ga gari ne toka-toka, ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ce ashe siminti ne da ya yi boko, me ya sa ba a faɗa masa tun farko ba. Na yi dariya da hawaye a fuskata. Mai shagon ya aiko masa da cokali mai haƙora, Baba ya koyi jan gam ɗin layi-layi a yini guda, yana mita yana yi.

Ranar gwaji bai taɓa makullin ba, ni ya miƙa wa. Ina bugawa, shi kuma fuskata yake kallo. Tim, tim, har bakin ƙofa. Dattawan benci suka yi ta sa albarka da babbar murya, yanzu kam baki ya buɗe.

Na miƙa masa makullinsa a hanyar gida, ya ƙi karɓa. Na ɗauka ajiye sana'ar zai yi, gabana ya faɗi.

"Riƙe," ya ce. "Gobe ki rufe shagonki ki zo da wuri. Akwai gidaje huɗu da na yi cikin shekara biyun nan. Sai mun je mun ji su."