Karafan ɗin da Ishawu ya tayar

Na san Malam Ishawu a unguwar Al Nahda da ke Dubai, a wani falat da muka raba mu da yawa, gadonsa na ƙasan nawa. Ni ina aikin ofis a Al Khabaisi, shi kuwa kafinta ne a wani gareji a Al Quoz, inda ake gyara motoci masu ɗaki a ciki, waɗanda a can ake kira karafan. Shi ke haɗa musu gado da kabad da ɗan wurin girki. Mutumin Kumasi ne, ɗan zangon Aboabo, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum akwai garin katako a gashin hannunsa. Matarsa Hamidatu tana gida da 'yarsu Fauziya, tana sayar da waake, wato shinkafa da wake, a bakin titi.

A shekarar 2009, da harkoki suka tsaya cik a Dubai, wani Bature ya kawo karafan ɗinsa gyara, ya bar ƙasar bai sake waiwayarta ba. Ta zauna a bayan garejin, rana ta cinye tayoyinta, kyanwa ta haihu a ciki. Daga baya maigidan garejin ya mallake ta a takarda, amma bai ga amfanin taɓa ta ba. Ishawu ne ya je ya same shi.

"Gyara ta, habibi," in ji maigidan, yana dariya. "In ta tashi, ɗauke ta ka je duk inda kake so."

Ishawu ya riƙe wannan magana da gaske. Kuma ya riga ya san inda yake so. Masu kawo motoci sukan nuna masa hotunan wani wuri da gwamnati ta killace a cikin duwatsun gabas, inda akwai kogwanni, har da wani mai ruwa kwance a ciki. Ya ba Hamidatu labari a waya. Ta ce ita tunda aka haife ta ba ta taɓa yin tafiyar da ba ta biki ko gaisuwar mutuwa ba. Ya ce to wannan za ta zama ta farko.

Daga nan Juma'a ta daina zama masa ranar hutu. Da an sauko masallaci sai ya hau bas ya koma Al Quoz. Ya kwashe ruɓaɓɓen katako ya sa sabo daga ragowar aikin wasu. Injin kuwa ba fanninsa ba ne, sai ya yi wa wani makanike ɗan Pakistan akwatin kaya, shi kuma ya duba masa. Lasisin tuƙi ya fi ba shi wuya. Ya faɗi jarrabawa har muka daina tambayarsa sakamako, amma ya ci gaba da komawa har ya samu. Ranar ya sayo mana kaza.

Shekaru suka shige a haka. Duk wanda ya kawo mota daga wajen duwatsun, sai Ishawu ya tsare shi da tambaya. A ina ake kwana? Akwai ruwan alwala? Hanya tana ɗaukar babbar mota? Ya ji cewa sai da sanyi ake zuwa, ya tsayar da watan Disamba. Ya ji cewa akwai jemagu a kogon, ya ɓoye wa Hamidatu don kada ta fasa. Ya saya mata takalmi mai igiya da tocila, ya ajiye a ƙarƙashin gado. Teburin girkin ma ya sauke shi ƙasa kaɗan, wai ita ba doguwa ba ce.

"Malam Ishawu," na ce masa wata rana, "ka taɓa sake yi wa maigidan maganar kuwa?"

"Ai ya riga ya faɗa, Malam. Babban mutum ba ya magana biyu."

A ƙarshen 2014 ya samo wa Hamidatu bizar ziyara ta wata guda. Wata 'yar garinsu mai suna Wasila ta bar musu ɗakinta a benen da ke kusa da namu. Hamidatu ta iso da kwalbar shito, soyayyen yajin nan na garinsu, da busasshen kifi da garin tuwo, duk na guzurin hanya. Washegari ya kai ta garejin. Ta shiga karafan ɗin, ta buɗe kabad ta rufe, ta zauna a bakin gadon tana shafa labule.

"Baban Fauziya, kai kaɗai ka yi wannan?"

Ya yi murmushi.

Ashe ba ita kaɗai ta gani ba. Tunda motar ta sha fenti aka matso da ita gaban gareji, wani mai kuɗi cikin abokan cinikin maigidan ya ƙyalla ido. Yana so ya kai iyalinsa hutun ƙarshen shekara, kuma wurin da ya zaɓa shi ne wurin kogwannin, don Ishawu da bakinsa ya sha yaba masa shi. Mutumin bai iya tuƙa babbar mota ba. Maigidan ya kira Ishawu ofis.

"Kai ka san motar, kai ke da lasisi, kai ka san hanya. Yalla, maza ka kai su."

"Ranka ya daɗe, matata tana nan. Ka yi mini alkawari."

"Na ce ka ɗauka, ban ce yaushe ba. In kun dawo ka ɗauka. Khalas, magana ta ƙare."

Fasfon Ishawu yana cikin durowar maigidan, bizarsa kuma da sunan garejin take. Ya tafi.

Abin da ya faru a can shi ya ba ni labari. Hanyar ta zo daidai yadda aka kwatanta masa. Ya kafa musu rumfa, ya hura gawayi, ya wanke kwanuka. Yaran suka yi tsalle a kan gadon har ƙafa ɗaya ta karye, ya gyara. Matar mutumin ta yi ta ƙorafin teburin girki ya yi mata ƙasa. Shi a kujerar direba yake kwana. Da suka tashi shiga kogon, mutumin ya ce ya zauna ya tsare kaya. Wata rana kuma ya ce masa in yana so ya leƙa, ya je ya dawo da sauri. Ishawu ya taka har bakin kogon, ya ji sanyin da ke fitowa daga ciki, ya tsaya, ya juyo.

Wurin ya yi wa iyalin daɗi, suka ƙara kwanaki, suka zarce bakin teku. Duk wannan lokaci Hamidatu tana ɗakin Wasila. Wasila tana fita aiki tun safe, Hamidatu kuma ba ta san gari ba. Mun kai ta kasuwar Naif sau ɗaya, ta bi mu kawai, ba ta taya komai ba. Garin tuwon nan ta tuƙa mana shi muka cinye a falat.

Ya dawo ana jibi za ta tashi. A gabana ta tambaye shi yaya kogon yake.

"Ban shiga ba."

"Ka je har can ba ka shiga ba?"

"Ina jiranki."

"Da ka shiga," ta ce. "Da ko ɗayanmu ya gani."

Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da ninke kayanta. Da ya ce za su sake shiri baɗi, sai ta ce Fauziya za ta shiga babbar sakandare, kuma ita ba za ta sake barin sana'arta wata guda don ta zo ta kalli bango ba.

Maigidan ya gane motar tana kawo ciniki, ya sa ta haya, ba ta ƙara kwana a gareji a lokacin sanyi ba. Ishawu bai sake tayar da maganar ba. Ya daina fita ran Juma'a, sai ya kwanta ya juya wa ɗaki baya. Da kwantiraginsa ya ƙare a 2015 bai sabunta ba, ya karɓi fasfonsa ya koma Kumasi.

Yanzu yana da ɗan shago a Aboabo, yana yin ƙofofi da bencin makaranta. Suna tare da Hamidatu. Mukan gaisa a waya da Sallah, ya tambayi mutanen falat ɗaya bayan ɗaya. In na kawo zancen Al Quoz sai ya ce layin ba ya da kyau.