Katakon da ya rage daga motarsa

Motar maigidana ta daɗe tsaye ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gidanmu a nan Dogon Dutsi, tun ranar da aka kai shi makwancinsa. Ni ban yi lakkwal ba, ban iya rubutu ba, ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta abin da nake faɗi. Na gaya mata in ta ga ina kuka ta bar ni, kada ta ce in yi haƙuri. Haƙurin na yi shi, kuma bai hana hawaye zuba ba.

A-kori-kura ce, irin mai buɗaɗɗen baya, fara, ko da yake farin ya daɗe da komawa ruwan toka. Da ita na tarar da shi lokacin da aka kawo ni gidan. Ya saye ta hannun wani baƙo mai aikin gina rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Da ita ya ci kasuwar Matankari da ta Dumega da ta Tibiri har ƙarfinsa ya ƙare. Ta ɗauki gero da wake da awaki. Ta kai mata masu naƙuda likita, ta kai gawar mutanen unguwa maƙabarta, bai taɓa karɓar ko sisi a kan waɗannan biyun ba.

Bayanta na katako ne, wani jan katako mai nauyi da ba a samun irinsa a ƙasarmu. Kowace kaka yakan shafe shi da baƙin mai. Da bazara nan yake shimfiɗa tabarma ya yi ƙailula, nan yake ɗora ɗan murhunsa ya dafa shayi. In na shanya kuɓewa a kai sai ya yi ta mita.

"Ke da ita duk kun tsufa," yakan ce mini, "amma ita in an tura ta takan tashi."

Ni kuma in ce, "To, yau ita ta tuƙa maka tuwo."

Bayan rasuwarsa ba wanda ya iya tayar da ita. Tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Ni dai in na leƙa zaure na gan ta, sai in ji kamar ya shiga masallaci ne zai fito.

Autana ɗan kasuwa ne, mai riƙo da addini, ba ya son a bar haƙƙin kowa a rataye. Wata rana ya zauna bakin ɗakina ya ce, "Inna, motar nan gado ce. Yayyena mata suna da rabo a ciki, kuma suna cikin buƙata. Barinta haka ba daidai ba ne."

Gaskiya ya faɗa, na san da haka. Amma masu zuwa tayi duk maƙera ne da masu sayen tsohon ƙarfe. Na ga yadda suka yi da babbar motar maƙwabcinmu. Da wuta suka yanka ta a gaban mutane, kamar ana fiɗar raƙumi, wani ya ɗauki ƙofa, wani ya kwashi ƙarfen da zai ƙera hauya. Na ce wa autana ban hana a sayar ba, amma kada a yanka ta ina raye. A nemi wanda zai ɗauke ta ɗungum. Ya ce zai jira har a gama sussukar gero. In ba a samu ba, sai maƙera.

Ya ɗauki hotonta a waya ya aika wa mutane. Ana cikin yankan gero sai ga wani dattijo daga Yamai, mai furfura a gemu, da tsabtatacciyar riga. An ce shi tsofaffin motoci yake nema, ya gyara su, ya ajiye a inuwa. Ba haya yake yi da su ba. Na yi mamakin wannan sana'a.

Ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ya tuɓe rigar ya rataye a gawo, ya kwanta ƙarƙashin motar cikin kashin kaji. Na sa aka kawo mini kujera zaure ina kallo.

Ya jiƙa tsumma da kananzir ya yi ta goge wani wuri a jikin injin har lamba ta fito. Ya koma ya goge wani wurin a ƙarfen da ke ɗauke da motar. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai ya yi murmushi.

"Inna, injin nan shi ne wanda ta zo da shi. Ba a taɓa canja shi ba."

Na ce, "Ai bai yarda kowa ya taɓa mata ciki ba. Ko makanike sai yana tsaye a kansa."

Ya buɗe ƙofa ya kankare fenti da farce ta ciki, ya ce fentin farko ne. Ya nuna wa autana wani ɗan tambari a kusurwar gilashi, ya ce duk gilasan nata ne. Ya kama sandar giya da ke jikin sitiyari yana jujjuyawa a hankali kamar mai gaisawa da tsoho. Da ya zo kan madubin gefe sai ya yi dariya.

"Wannan kam na babur ne."

"Saniya ce ta cire na farkon a kasuwar Dumega," na ce. "Har ya rasu bai yafe mata ba."

Ya ce madubi ba komai ba ne, ana samu. Ya ce irin wannan motar kaɗan ne suka shigo ƙasar tun farko, kuma hanya ta cinye su. Ya yi yawo gari gari yana nema, duk wadda ya samu sai ya tarar kai na wata ne, ciki na wata. Bai taɓa ganin wadda ta kai wannan cika ba. Ina jin haka sai na ji numfashina ya sauka. Na ce a raina ta tsira.

Sai ya zagaya baya. Ya ɗora hannu a kan farantin ƙarfen da ke shimfiɗe a wurin, ya ƙwanƙwasa.

"Wa ya yi wannan walda?"

Autana ya ce, "Ni na sa aka yi, Alhaji, don kada ta zauna tsirara."

Mutumin ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa, ya nuna ramukan ƙusoshi a jere. Ya ce abin da ya bambanta irin wannan da sauran shi ne bayan katako. Masu bayan ƙarfe suna da yawa, har yana da ɗaya a gida. Ya ce kowane katako akwai hatimi da aka ƙona a jikinsa tun daga inda aka ƙera motar, kuma da shi ake gane ta gaske. In babu ko ɗaya, ba shi da abin nunawa, ba shi da abin da zai ba kafinta ya kwaikwaya.

"Ina katakon? Kada dai a ce an hura wuta da shi."

Autana ya sunkuyar da kai. Ni na amsa.

Maigidana da damina ya rasu, ana tsakiyar ruwa. Ƙasarmu rairayi ce, in ta sha ruwa kabari ba ya tsayawa sai da itace mai faɗi da ƙarfi. Busasshen da aka samu sirara ne, ɗanye kuma ba a yarda a sara ba. Ina cikin ɗaki mata sun kewaye ni, na riƙa jin ƙarar guduma a waje, ban san ko ta mece ce ba. Daga baya aka gaya mini. Tsofaffin direbobin tasha, abokansa, su suka ce ba za a tsaya neman itace ba alhali ga nasa. Suka ce ya kwanta a kan katakon nan shekara da shekaru, bari yau ya kwanta ƙarƙashinsa. Suka ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, aka jera masa, aka mayar da ƙasa.

Na ce, "Katakon yana wurin mai shi, Alhaji."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya yi wa maigidana addu'a. Sannan ya ɗauko rigarsa daga jikin gawo ya ce zai je ya yi shawara. Na tsufa da jin wannan magana. Mai cewa zai yi shawara ba ya dawowa.

Akwai abin da ko autana bai sani ba. Katako ɗaya ya rage, gajere, wanda ke kusa da kan motar. Ya yi kaɗan ga kabari, aka jingine shi a zaure. Da na fita takaba na ɗauke shi na tura ƙarƙashin gadona. A jikinsa akwai baƙin zobe inda gindin murhun shayinsa ya ƙona. Kowace safiya in na idar da salla nakan miƙa hannu in taɓa wurin. Har lokacin in na kanga hanci nakan ji warin baƙin mai da hayaƙi. Tufafinsa an rabar sadaka, tabarmarsa ta mutu. Wannan kaɗai ya rage mini da ke warinsa.

Mutumin ya kai bakin motar da ya zo da ita, sai na ce wa autana ya kira shi. Na shiga ɗaki na jawo katakon da kaina, ban bar kowa ya taimake ni ba.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya goge ƙura da gefen rigarsa, sai ga hatimin. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ga zoben ƙunar, ya dube ni.

"Inna, ban roƙe ki ba."

"Na sani. In ba shi, za ka ɗauke ta?"

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce in ba shi, mota ce da aka yi wa sabon baya, kuma ba ita ya zo nema ba.

Na ce, "To, ɗauki. Amma kada ka kankare ƙunar nan."

Ya ce ba zai kankare ba.

Da babbar mota aka zo aka ɗauke ta, don ta ƙi tashi ko da aka tura. Mutanen unguwa suka fito kallo. Ni ban fita ba. Na ji ƙarar sarƙa, na ji an tafi. 'Ya'yana mata sun samu rabonsu, autana ya sauke nauyin da ke wuyansa, maƙera kuma ba su samu ko ƙusa ba.

Bayan wani lokaci ya aiko da hoto a wayar autana. An wanke ta, an sa mata tayoyi, tana tsaye a wata rumfa mai siminti. Bayanta sababbin katakai ne jajaye, da ɗaya baƙi can kusa da kai. Idona ya yi rauni, na ce a ƙara girman hoton. Aka ƙara har ya dushe, ban iya ganin zoben ba. Autana ya rantse yana nan.

Ƙarƙashin gawo akwai inda mai ya ɗiga ya yi baƙi, ciyawa ba ta fita a wurin. Kaji sun koma wani gun. Da safe in na idar da salla hannuna yakan tafi ƙarƙashin gado da kansa, sai ya taɓa ƙasa. In ina shara kuma, tsintsiya takan wuce har bango, ba abin da ke tare ta.