Hanyar da muka duba da rani

Shekarun baya, a lokacin nan da kwanon gero ya fi ƙarfin ma'aikaci, albashi kuma sai ya ga dama yake zuwa, ina aiki a sashen tsare-tsare na ƙaramar hukumarmu. Aikinmu shi ne mu tattara buƙatun ƙauyuka mu jera su, wadda ta fi gaggawa a sama, sannan mu bi ayyukan da aka yi mu ga ko an yi su yadda ya kamata. Ni ne ƙaramin kowa a ofis, amma in ka gan ni da fayil a hammata da biro biyu a aljihun gaba, sai ka rantse ni nake juya jihar.

Ƙauyenmu yana cikin waɗanda muke kula da su. Tsakanin gari da gonakinmu akwai wani kwari. Da rani yashi ne kawai, ko akuya ba ta san ta tsallaka wani abu ba. Da damina kuwa ruwa yana cin gaɓarsa ta ƙasa, ka ga wuri lafiya lau, kana takawa ya zabtare. Kuma babu wata hanyar sai nan, ko gona za ka ko bakin titi. Ranar da muka je jin buƙatu, dattawa suka taru a ƙofar gidan dagaci, bakinsu ɗaya: kwalbati suke so. Har mahaifina, wanda ba ya magana a taro, ranar sai da ya yi. Shanun huɗa biyu gare shi, kuma su ne duk ƙarfinsa. Da su yake huɗe gonarmu, ya huɗe ta mutane, da kaka ya ɗaura musu amalanke ya fito wa 'yan kasuwar Dawanau da hatsi bakin titi.

Ƙa'idar sashenmu ita ce, kafin buƙata ta hau sama sai tawaga ta je ta gani da ido. Darakta ya sa ziyarar ƙauyenmu a tsakiyar rani. Na yi ta maza na same shi.

"Yallaɓai, da an bari ruwa ya sauka. Lokacin ne za a ga matsalar."

"Da damina mota ba ta shiga ƙauyenku. Ko ba ka sani ba?"

"Ai shi ya sa suke neman kwalbatin, yallaɓai."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In ta maƙale kai za ka tura?" Ofis ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, har da sosa ƙeya. Wannan dariyar tawa har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Muka je da rani. Direba ya ratsa kwarin ko giya bai canza ba. A takardar dubawa akwai tambaya guda: shin ana iya wucewa? Amsa biyu ce kawai, eh ko a'a, babu wurin bayani. Darakta ya juyo daga gidan gaba ya ce, "Mun wuce ko ba mu wuce ba?" Na ce mun wuce. Ya ce to rubuta. Na rubuta eh, na sa hannu a ƙasa a matsayin ɗan gari mai shaida.

Da aka fitar da jerin ayyuka, kwalbatinmu yana can ƙarshen shafi. Kun san abin da ya hau sama? Fentin katangar sakatariya da sabuwar ƙofa mai ado. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Masu zuwa daga birni su auna ƙwazon sashenmu a nan suke tsayawa, su ga fenti, su sha lemo, su yaba mana su juya. Wa zai ɓata takalminsa ya je kallon kwarin talakawa? A shekarar har takardar yabo aka ba mu, aka sa mata gilashi aka rataye.

Ruwa ya sauka. Wata safiya bayan an sheƙa shi, mahaifina ya ɗora garma a amalanke ya nufi gona. Suna tsakiyar gangara gaɓar ta zabtare. Shi Allah ya kiyaye shi, amma san da ke hannun dama ya faɗa, amalanke ta bi ta kansa, ƙafarsa ta gaba ta karye gida biyu. A nan cikin laka aka yanka shi. Wanda ya san noma ya san sa ɗaya ba ya huɗa, kuma a wannan tsadar babu zancen sayen wani.

Sai ranar Juma'a na samu zuwa gida. Na tarar da shi a zaure, karkiyar shanun tana jingine a bango. Na durƙusa na yi masa jaje. Bai ɗaga murya ba.

"Dagaci ya ce ya ga takardarku."

"Haka ne, Baba."

"Ya ce da sa hannunka."

Na sunkuyar da kai. Ya kira mahaifiyata, ta fito da soyayyen naman san nan a ƙullin leda, idonta ja, ko kallona ba ta yi ba. Ya tura mini ƙullin ya ce, "Ungo, ka kai wa maigidan naka. Ka ce masa tsarabar hanyar da ake wucewa ce."

Ranar Litinin na ajiye ƙullin a teburin darakta, na isar da saƙo yadda aka ba ni. Na ɗauka zai ji kunya, ko ma ya fusata ya kore ni, wallahi da hakan ya fi mini. Sai ya ce, "Ash-sha! Allah ya mayar da alheri." Ya buɗe durowa ya jefa ƙullin. Ya ƙara da cewa, "Za a sa kwarin a buƙatun baɗi. Za mu je mu duba."

Na ce, "Yaushe, yallaɓai?"

Ya ce, "In ruwa ya ɗauke."

Ban daɗe a sashen ba bayan wannan. Kwalbati kuwa mutanen gari ne suka gaji suka yi shi da kansu, da gayya, bayan 'yan shekaru. Yanzu har motar hatsi tana bi ta kai.

Na daɗe ina ɗora wa darakta laifin gaba ɗaya, kuma har gobe ina jin zafinsa, da shi da tsarin da yake duba hanyar damina da rani don kada mota ta sha wahala. Amma shi baƙo ne, bai taɓa ganin kwarin nan da ruwa ba. Ni kuwa a cikinsa na koyi iyo. Na san gaskiya, biro yana hannuna, tsoron kada a ce yaro ya cika baki ya sa na rubuta eh.

Mahaifina bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ya sayar da ɗayan san, ya ɗauko garmar hannu da ya ajiye tun ina firamare. Ni harafi biyu na rubuta ina zaune a bayan mota. Shi kuma a duƙe ya ƙarasa sauran shekarunsa na noma.