Ƙwaya Biyu a Bakin Zanen Inna

Ranar wata Talata ce cikin marka, shekarar da na shiga aji biyu na firamare, Baba ya goya mu a babur, ni da Kaka, daga ƙauyenmu na bayan Janbako zuwa asibiti a Talata Mafara. An sa ni a tsakiya, jikina zafi rau, kuncina manne da bayan Baba, hanya kuwa duk taɓo, ga jakuna da amalanken shanu na masu zuwa kasuwa muna ta kauce musu. Amma abin da ya zauna mini a rai tun a tsakar gida ya faru. Inna, mahaifiyata, tana tsaye gaban turmi tana surfen gero, ta ba mu baya. Aka fito da ni daga ɗaki ana tallafe da ni, ba ta waiwayo ba. Na dai ji taɓaryar ta tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Ni ce ɗiyar fari, kuma a wajenmu a lokacin uwa ba ta nuna ta san da ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar Baba, can nake kwana, can nake ci. Inna 'yar Bakura ce, daga gidan malamai, kunyarta kuwa har ta yi yawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar tsohuwa". In na dawo daga rijiya da tulu, ko daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ƙannena take tambaya ko sun ci. Ita ke yi musu kitso, ni kuwa sai Kaka ta damƙe kaina tsakanin gwiwoyinta ta yi mini wani shuku mai sa hawaye. Ranar da na cinye duk 'yan matan unguwa a carafke na shigo ina murna, Inna ta ɗauke kai kamar iska ce ta wuce. Mata suna yabonta, suna cewa, "Wagga ɗiya ta Bakura akwai kunya." Ni kuwa wallahi haushin yabon nan nake ji har cikin raina.

A asibiti wata nas doguwa mai taushin murya ta ɗora ni a sikeli tukuna, ta yi lissafinta, sannan aka ba mu maganin zazzaɓin sauro da wata kwalbar maganin ruwa na sauke zafin jiki. Ta ɗaga ɗan kofin awo ta nuna wa Kaka layi da farce. "Iya nan, Kaka, sau uku a yini. Kar a haɗa mata da wani magani, ko wa ya kawo." Ai kuwa ta gamu da mai riƙe umurni. Kaka ta sa kwalbar cikin kwallarta ta rufe, ta ɗaure maganin da lokutan salla: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha. Takan fita haske ta ƙanƙance ido ta daidaita layin nan kamar mai zura zare a allura. Masu zuwa dubiya, wannan da sassaƙe, waccan da jiƙo, duk ta karɓa ta gode ta tura ƙarƙashin gado. Amsarta guda ce, nas ta hana.

Mutum ɗaya ce ba ta ji abin da nas ta ce ba, don ba ta je asibitin ba, kuma ba ta da bakin tambaya. Ina uwa za ta dubi surukarta ta ce me aka ce game da ɗiyar fari? Ta dai hango ɗan kofin nan daga nesa, ta ga abin da ake zubawa bai kai ya jiƙa maƙoshi ba, ga yarinya tana ta rawar ɗari.

Washegari da hantsi, Kaka ta ɗauki ƙwaryar fura ta tafi kai wa Baba gona. Gida ya yi tsit, sai kaji. Ina kwance na ga labule ya motsa, sai ga Inna. Ban taɓa ganinta cikin ɗakin nan ba in ba gaisuwa ta kawo ta ba. Ta tsuguna, ta kwance ƙulli a bakin zanenta, ta fito da fararen ƙwayoyi biyu, irin waɗanda take saye wurin mai tallan magani a kan keke, take sha in daka ya sa mata ciwon jiki. Biyu take sha, biyu ta ba ni. Ta murƙushe su a ludayi, ta dama da kunu, ta tallafi ƙeyata na shanye. Sannan ta ɗora tafin hannunta a goshina, mai kaushi, mai ƙanshin gero, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Da za ta fita ta ce a hankali, "Kar ki gaya ma kowa." Wa zan gaya wa? Ni da na samu abin da na daɗe ina nema. Daga nan kullum sai ta zo da hantsi, ta sake zuwa da La'asar in Kaka ta zaga bayan gida tsinkar rama. Har addu'a nake yi a zuciyata kar zazzaɓin nan ya yi saurin tafiya.

Zazzaɓi kuwa ya tafi. Kaka ta yi ta hamdala, Baba ya ce mako mai zuwa sai makaranta. Sai dai ni na san wani abu ya zauna mini a ciki. Tuwo ya fita raina, fura ma da nake rigima a kanta in na ji warinta sai zuciyata ta tashi. Amai ya biyo baya, da wani nauyi ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, kamar an cusa dutsen niƙa. Barci ya yi mini yawa, ana magana a kaina ina jin ta can nesa. Inna ta ga na ƙara kwantawa, sai ta ɗauka ciwon ne ya dawo, ta shigo da ƙwayoyinta kamar kullum. Ina haɗiyewa na mayar. Ta tsaya tana duban abin da na amayar, ta dubi ƙullin zanenta, ta fita ba ta taɓa goshina ba. Da yamma Kaka ta jawo ni bakin ƙofa, ta buɗe idona da yatsa a cikin hasken rana. Farin idona ya koma rawaya.

Wannan karon motar kasuwa muka shiga, ni da Baba da Kaka, kuma Inna ta biyo mu, wai ita za ta riƙe kwanonin abinci. Nas ɗin nan muka sake tararwa. Ta danna cikina na yi ƙara, ta dubi idona, fuskarta ta sauya. Ta tambayi yadda aka ba da magani. Kaka ta zaro kwalba ta dangwarar a tebur cikin fushi, ta ce a duba a gani, ko ɗigo ba ta ƙara ba. Nas ta duba ta ce gaskiya ne. Sai ta yi bayani, ta ce wannan rawayar ido ciwon shawara ne, shawara kuwa iri-iri ce, akwai ta ciwo, akwai wadda yawan magani ke kawowa in ya fi ƙarfin hanta, kuma kowace da yadda ake tarar ta. In an ba ni wani abu aka ɓoye, za su bi hanyar da ba ita ba, lokaci kuwa ba ya wajenmu. Ta sunkuyo ta tambaye ni ko wani ya ba ni wani abu. Na hango Inna a bakin ƙofa, rungume da kwanoni, kanta a ƙasa. Na rufe idona na kau da kai.

Sai nas ta miƙe ta ce, "Wace ce uwar yarinyar?" A wajenmu wannan tambaya ba ta da mai amsawa gaban suruka da miji. Baba ya dubi bango, Kaka ta buɗe baki za ta ce ita ce. Sai muka ji kwanoni sun taɓa ƙasa. Inna ta tako har gaban tebur, ta kwance bakin zanenta, ta zube sauran ƙwayoyin kusa da kwalbar Kaka.

"Ni ce. Ni na ba Sa'adatu, biyu da hantsi, biyu da La'asar. Ɗiyata ce, ku taimake ni."

Duk da halin da nake ciki, sunan nan nawa na ji shi tar. Nas ba ta yi mata faɗa ba. Ta juya ƙwayar a hannu ta ce maganin da ke cikin kwalba shi ne a cikinta, sai dai an yi ta ne don nauyin babban mutum, ga shi an tara mini na kwalba da na ƙwaya a jiki guda. Nan take aka kira likita, aka sa mini ƙarin ruwa da maganin da zai kare hantar. Mun daɗe a ɗakin yara kafin a ce na tsallake. Kaka, da duk muka zaci za ta tayar da ƙura, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Tabarmarta kawai ta ja gefe, ta bar wa Inna wurin da ke kusa da kaina.

Yau ni ma nas ce a ɗakin yara. Ba na zuba wa yaro ko ɗigo sai ya hau sikeli, kuma duk yaron da aka kawo, sai na ja uwarsa gefe, nesa da kaka da uba, na tambaye ta me ta ba shi da hannunta. Sau da yawa sai an kwance bakin zane. Abin ma ya fi na da tsoratar da ni, don hanyoyin Faru da Gidan Goga da muke bi ba fargaba, yanzu saboda 'yan bindiga mutum sai ya yi shahada kafin ya hau su, uwa kuwa in ta rasa hanyar asibiti abin da ke hannunta za ta ba ɗanta. Ƙauyenmu ya zama kango, turmin nan ban san inda yake ba. Inna kuwa muna komawa gida ta koma kirana "'yar tsohuwa", har ta koma ga Allah ban sake jin sunana a bakinta ba. Sau ɗayan nan nake riƙe da shi har yau.