Jirgin da Madu Ya Ƙera

A layin maƙeran kwano na kasuwar Nguru, rumfar Madu ce ta uku daga bakin hanya. Babarbare ne gajere, mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk tabon yankan kwano. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a wurin kawunsa, ya kuma wuce kawun nesa. Akwatin ƙarfe, murhun gawayi, mazurari, bokitin rijiya, babu wanda ba ya fitowa daga hannunsa kamar na kanti. Abu ɗaya mutane suka san shi da shi bayan aiki: yana son a yaba. In ka ɗauki akwati ba ka ce ya yi kyau ba, sai ya wuni yana ƙunƙuni.

Babban amininsa shi ne Bobboi, wani dogon Bafulatani dillalin shanu. Duk ranar kasuwa, in ya gama da kara, wato kasuwar shanu, sai ya zo ya miƙe ƙafa a rumfar Madu, su yi ta wasan nan na Fulani da Barebari. Wannan ya ce wa wancan bawana, wancan ya ce kai ne dai bawan. Sun fi shekara ashirin a haka.

A shekarar 1986, bayan ɗaukewar ruwa, wasu mutanen talabijin suka zo daga Maiduguri. Shugabansu wani siriri ne mai tabarau, Malam Saleh. Ya ce wasan kwaikwayo za su yi, labarin wani ƙaramin jirgin sama da ya faɗi a fadama, kowa ya mutu sai mutum ɗaya, wani makiyayi ya tsince shi ya yi jinyarsa. Suna neman wanda zai ƙera musu jirgin. Duk wanda suka tambaya a gari sai ya nuna musu rumfar Madu.

Madu bai taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba. Hoto kawai aka ba shi, wanda aka yago daga wata kalanda. Ya manna shi a jikin ginshiƙi, ya nemo tsofaffin gangunan mai da kwanon rufi, ya kama aiki. Kwana goma sha takwas yana bugu. Da ya gama, ya shafa farin fenti da shuɗin layi, sai da mutane suka cika layin maƙera don kallo. Malam Saleh ya zagaya jirgin sau biyu, ya ce, "Malam Madu, Allah Ya yi wa hannun nan albarka. Saura ka farfasa shi."

Da hannunsa Madu ya karya fiffike, ya lotse hancin, ya babbake gefe ɗaya da tsohuwar taya. Aka loda a babbar mota, Madu na ciki, sai Gashuwa, aka sauke a wata fadama ta hanyar Katuzu. Bobboi yana da cinikin shanu a Gashuwa a makon, don haka ya ɗare motar ya bi su.

A can abin ya faru. Ɗan wasan da aka kawo ya fito a makiyayi ɗan birni ne, bai taɓa tsayawa kusa da saniya ba. Da aka koro garken da aka aro, wani bijimi ya yi huci, sai ɗan wasan ya jefar da sanda ya haye kan fiffiken jirgi. Aka yi ta lallashi, ya ce shi fa ba zai sauko ba. Madu ya yi dariya har da hawaye, ya nuna Bobboi ya ce, "Malam Saleh, ga bawana nan zaune ba aikin komai. Shi da shanu uwarsu ɗaya, ku sa shi mana."

Wasa ya yi. Amma Malam Saleh ya dubi Bobboi sama da ƙasa, ya miƙa masa sandar. Bobboi ya yi wa shanun kira ɗaya da Fulatanci, suka bi shi kamar ruwa. Shi kuwa Madu, da aka rasa wanda zai kwanta a matsayin gawa, shi aka shimfiɗe a ƙarƙashin fiffike aka lulluɓe da zane.

Wata huɗu bayan haka aka fara nuna wasan, duk Asabar bayan magariba. Alhaji Ibram mai shagon yadi ya fito da talabijinsa ƙofar gida, unguwa ta taru. Madu ya sa babbar rigarsa ta salla ya zauna a gaba. Aka nuna hayaƙi, aka nuna jirgin a kife cikin ciyawa, mata suka ɗauki salati daga baya, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Madu ya gyara zama zai yi magana ke nan, sai ga fuskar Bobboi ta cika akwatin. Wurin ya kaure da ihu. "Bobboi ne! Wallahi Bobboi ne!" Na Madu kuwa tafin ƙafa kawai aka gani, yana leƙowa daga ƙarƙashin zane.

Da aka zo jera sunaye a ƙarshe, ya matsa kusa da wani malamin makaranta, don shi ba ya karanta boko. Ya ce, "Malam, duba min, akwai Madu?" Malamin ya bi rubutun har ya ƙare, ya girgiza kai.

Kafin mako ya zagayo, Bobboi ya zama Bobboi Mai Jirgi. A kara, a tasha, a masallaci, haka ake kiransa. Mai shayi ya daina barinsa ya zauna a benci, kujera yake jawo masa. Duk wanda ya ce Mai Jirgi, Madu sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙirji. Ya riƙa tare masu sayen kaya yana ce musu, "Jirgin nan fa ganga ce. Ganga huɗu da kwano. Ni na buga shi a nan inda kake tsaye." Su ce to, madalla, sannan su tambaye shi ko mutumin da Bobboi ya tsinta zai rayu.

Har a gida bai tsira ba. Matarsa Gumsu ba ta bari Asabar ta wuce ta. Wata rana tana zuba masa tuwo ta ce, "Baban Zaituna, ashe abokin nan naka haka yake da tausayi? Ka ga yadda ya ɗauki mutumin nan a kafaɗa?"

Madu ya ture kwanon. "Sau bakwai aka maimaita wurin, sau uku yana yar da shi. Ina kwance ina jinsu."

Gumsu ta dube shi, ta ɗauke kwanon.

Da abin ya ishe shi, ya shiga a-kori-kura ya koma Gashuwa ɗauko jirginsa. Ya tarar manoman wurin sun kwashe kwanon sun yi rufi, wutsiyar kaɗai ta rage. Ya ɗauko ta, ya jingine a gaban rumfarsa, don kowa ya san inda ta fito. Mutane kuwa suka zo. Sai dai abin da suke faɗa shi ne, "Ku zo ku ga wutsiyar jirgin Bobboi." Ranar kasuwa wani mai hoto ya kafa kyamararsa a wurin, samari suka yi layi, kowa yana so a ɗauke shi da Bobboi a gefen wutsiyar. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa Madu, "Baba, ɗan matsa kaɗan, kana shiga hoton."

Madu ya matsa. Ya shiga rumfa ya ɗauko babban almakashinsa na kwano, ya fito, ya kama wutsiyar ya yi ta yanka a gaban jama'a har ta zama tsilla-tsilla. Layi ya watse.

Bobboi ya tsuguna kusa da shi. "Haba bawana, me ya yi zafi?"

"Kada ka ƙara ce min bawanka."

Bobboi ya yi sororo, don a shekara ashirin bai taɓa jin haka ba. Ya ce, "Madu, wallahi duk inda na zauna sai na ce kai ka ƙera shi. Har Machina na faɗa."

"Shi ne abin da ya fi ƙona ni," in ji Madu. "Aikina ne, amma sunana sai ya bi ta bakinka kafin a ji shi."

Bobboi ya miƙe, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wasan talabijin ya ƙare a mako na goma sha uku, amma Bobboi bai sake zama a rumfar ba. In sun haɗu a hanya su yi sallama, kowa ya wuce. Daga baya ya koma Kumagannam wurin 'yan uwansa, can ya ci gaba da dillanci.

Shekara biyu aka yi a haka, har labari ya zo cewa sa ya take Bobboi a kara, ƙafarsa ta karye, an kawo shi asibiti a Nguru. Gumsu ce ta dafa kaza, ta zuba a kwano, ta ajiye a gaban mijinta don ya kai masa. Madu ya kwana biyu yana juya abin, kazar ta ƙare a cikin 'ya'yansa. A rana ta uku ya samu bututun ƙarfe, ya lanƙwasa sandar dogarawa daidai tsayin Bobboi, ya naɗe mariƙinta da fata, Gumsu ta sake dafa wata kazar, ya ɗauka ya tafi.

Bobboi ya rame, amma da ya gan shi sai ya washe baki. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Madu ya jingine sandar a bakin gado, Bobboi ya shafa ta ya ce ko a Kano ba a yin irinta. Hira ta fara daɗi ke nan, sai ga ma'aikatan jinya uku sun shigo da wata baƙuwarsu, suna cewa ga shi nan, shi ne wanda aka nuna a talabijin. Madu ya koma jikin bango da kwanon kaza a hannu, yana kallonsu suna dariya, har suka gama.

Da ya dawo gida Gumsu ta ce, "Yaya mai jiki?"

Ya ce, "Shi da sauƙi. Ni ne dai har yanzu."

Duk da haka washegari ya koma, ya kuma ci gaba da zuwa kullum bayan la'asar har ranar da aka sallami Bobboi, shi ne ma ya raka shi tasha ya samo masa gidan gaba a motar Kumagannam.