Taɓon Bakin Teku

A duk ranakun aikina, wadda ba na mantawa ita ce ranar da taɓo ya riƙe ni a bakin teku. Ku masu shirin ci-rani kudu bana, ku saurara.

Ni mutumin Ɗanzomo ne ta ƙasar Gumel, ban yi boko ba. Bayan girbi na gangara kudu, na samu aikin ƙarfi a jirgin ruwan wasu masu bincike, a inda wani kogi ke shiga teku. Shugabarmu Dakta Rabi ce, 'yar Haɗeja. Matuƙin jirgin Baba Timi, tsoho ɗan can, ya taɓa zaman Kano, yana jin Hausa. Aikina cika kwalabe da ruwa, da kafa bututu a taɓo in zaro shi cike.

Ruwan kogin baƙi ne kamar shayin da ba madara. Dakta ta ce ruɓaɓɓen ganyen daji ne, ɗauke da ƙarfe da dalma waɗanda ido ba ya gani. In ya haɗu da gishirin teku sai ya dunƙule ya kwanta ƙasa. Shi suke aunawa.

A ranar, da hantsi, ruwa ya janye, ya bar fili sumul, jirginmu ya zauna a kan taɓo. A wajenmu in tafki ya janye, ya tafi ke nan sai wata damina. Da wannan sanin na yi aiki, ban san na teku kullum yana tafiya yana dawowa ba. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa katako a taka. Ban jira ba, na ɗauki bututu na dira, na yi gaba.

Taku kaɗan na nutse zuwa gwiwa. Na fizga, na kai ƙugu. Wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Malam Habu, kada ka ƙara motsi," in ji Dakta. Muryarta ta sauya.

"Ba komai, ranki ya daɗe. A hankali zan fito."

Baba Timi ya nuna bayana. "Aboki, babu a hankali. Ruwa yana dawowa."

Na waiwaya. Ga shi nan tafe, shiru, yana lashe filin. Ban iya iyo ba. Ina zan koya a yashin Gumel? Na tuna 'ya'yana, na kama kalmar shahada.

"Yi addu'arka, amma ɗaga hannu sama," in ji tsohon.

Ya jera katako, ya jawo ciki a kai har ya iso ni, ya ɗaura mini igiya a hammata, ya koma ya ɗaure ɗaya bakin a jirgi. Ruwa ya kai ƙirjina, ya kai wuya. Na ɗanɗana gishiri. Sai da ruwan ya ɗaga jirgi sannan Baba Timi ya tayar da inji, ya ja kaɗan kaɗan. Na ji kamar ƙafafuna za su cire. Taɓo ya sake ni, ya riƙe wandona da takalmi.

Dakta ta miƙo mini mayafinta na ɗaura. Baba Timi ya ce, "Gobe za ka taka katako?" Na ce zan taka.

Abin da na koya: kowane ruwa da halinsa, 'yan gari ne suka san shi. Ku tambaya kafin ku taka. Ni har yau, ko tafkin garinmu ne ya janye, ba na juya masa baya.